Kujerarmu a Firamare Tana Nan Babu Kowa a Kai

Labarin makarantar firamare ta gwamnati ba ya fitowa sai an yi ɓarna. Iska ta yaye rufin aji, sai ka ga hoton a Facebook, yara zaune a ƙasa rana na dukansu. Mu yi tsaki, mu zagi ciyaman da kansila, bayan kwana biyu a shiga wani zancen. Amma abin da ya kai ga yayewar rufin, wato damina uku da kwanon ya yi yana ƙara, da takardun da hedimasta ya yi ta aikawa ofishin sakataren ilimi ba amsa, wannan babu mai ɗaukarsa. Ba ya yin hoto mai kyau.

Ina magana ne da irina, 'yan L.E.A., kuma na san mu ne muka fi yawa a wannan poli ko da wasunmu ba sa son a sani. Yaushe rabon da ka ji wani labari daga firamaren da ka yi? Wa ke hedimasta yanzu? Rijiyar nan ta bayan ofis tana da ruwa? In ka iya amsa biyu daga ciki, ka fi yawancin waɗanda na tambaya a hostel.

Abin mamaki shi ne babu ginin da unguwa take mora kamar firamare. Nan ake kafa akwatin zaɓe. Nan masu rigakafi suke tara yara. In ambaliya ta ci gidaje, nan ake kwasar mutane a kai. Da yamma Islamiyya ta ari azuzuwa, samari su buga ƙwallo a fili, wani lokacin har kamu da walima a yi a ciki. A zaɓen 2023 da yawanmu mun tsaya a layi cikin harabar firamare, awa uku ko huɗu, muna kallon tagogi babu murafu da allon da ya koɗe har alli ba ya kama shi. Muka dangwala, muka fita. Bencinan da aka fito da su don malaman zaɓe, wasu ba su koma aji da ƙafa huɗu ba. Kowa na amfani da makarantar, amma in ka ce ta wa ce, sai a ce ta gwamnati.

Da can akwai abubuwan da suke shigo da iyaye cikin makaranta ko ba su yi niyya ba. Taron PTA, ranar raba sakamako, gasar intahaus da ake raba mu gida ja da gida kore, atisayen faretin ranar yara ta 27 ga Mayu, gonar makaranta da ake fito da mu da fartanya. A yawancin makarantun gwamnati da na sani, waɗannan sun mutu ko suna numfashi sama-sama. Makarantun kuɗi kuwa har 'yan nazire ake sa wa riga da hular kammala karatu, kuma kowane aji yana da zauren WhatsApp na iyaye, in yaro ya dawo da ƙwarzane a gwiwa sai an yi bayani kafin magariba. Ni ba rigar nake wa kwaɗayi ba, yawancinta hanyar tatsar iyaye ce. Abin da nake nufi, taro shi ne ranar da uba yake shiga aji ya ga inda ɗansa ke zama. Wanda ya ga ɗansa a kan tsagaggen siminti da idonsa, ba ya komawa gida kamar yadda ya zo. In aka daina taro, an rufe wa unguwa ido ke nan, kuma akwai waɗanda hakan ya yi musu daidai.

Lokacin da nake SIWES a gida, na raka yayana taron iyaye a firamaren da muka yi mu duka. Makaranta ce da yara suka yi mata yawa har ana karatun safe da na rana, amma iyayen da suka zo ba su cika benci huɗu ba, kuma babu mace ko ɗaya. Aka karanta abin da aka tara da abin da aka kashe da baki, daga wata 'yar takarda da aka ciro daga aljihu. Ba na ce an ci kuɗin kowa ba. Cewa nake ko an ci ko ba a ci ba, babu wanda zai iya sani, har shi mai karantawar.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. A tsarin ilimi na ƙasar nan, kowace firamare ta gwamnati ya kamata ta kasance da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda ake kira SBMC. Ba PTA ba ne. PTA ta iyaye da malamai ce kawai, shi kuwa wannan na unguwa ne gaba ɗaya: akwai hedimasta, da wakilin malamai, da wakilin mai unguwa ko dagaci, da malaman addini, da mata, da masu sana'a, da wakilan yaran kansu. Kuma a cikin jerin akwai gurbin tsofaffin ɗaliban makarantar. Mu ke nan. An ajiye mana kujera tun kafin mu san da ita, kuma a wurare da yawa ko dai babu kowa a kai, ko an rubuta sunan wani da bai taɓa zuwa zama ba don takarda ta cika.

Kar wani ya ɗauka kwamitin shan shayi ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC. Jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa, shi ya sa kusan kowace shekara za ka ji ana cewa biliyoyin naira suna kwance a Abuja jihohi ba su ɗauka ba. Wannan faɗan manya ne, ba mu da hannu a ciki. Amma akwai wani ɓangare da ya sauko har ƙasa: UBEC tana da shirin da take ba kwamitocin SBMC tallafi kai tsaye don gyaran aji ko banɗaki ko ruwa, al'umma ta kawo nata kason. Kwamitin da zai samu irin wannan, ko na wata ƙungiyar agaji, sai yana da asusun banki, da rubutaccen tsarin abin da makarantar ke buƙata, da ƙiyasin kuɗi mai ma'ana, da bayanin tarukan da ya yi. A nan ne dattijan unguwa suke tsayawa, ba don ba sa so ba, sai don takarda ta fi ƙarfinsu.

Mu kuma takardar nan ita muke biya wa kuɗin makaranta mu koya. Ɗan akanta da ya kai ND II zai iya buɗe wa kwamiti littafin shiga da fita a yammaci ɗaya. Ɗan sashen gine-gine zai iya auna aji ya faɗi bandir nawa na kwano ake buƙata, katako nawa, buhun siminti nawa, ta yadda in ɗan kwangila ya zo da nasa lissafin za a sami abin gwadawa. Wannan kaɗai, wallahi, ya isa ya hana wani ƙarya. 'Yan aikin jarida kuma, ku ne ma kuka fi ba ni haushi, don kuna ta neman abin da za ku yi furojet a kai alhali ga makaranta guda babu mai rubuta labarinta. Takarda ɗaya a wata, da Hausa, a liƙa a ƙofar makaranta da ƙofar masallaci, a tura hotonta a zauren unguwa: yara nawa aka ɗauka aji ɗaya, nawa suka zauna jarrabawar shiga sakandare, wace 'yar aji shida ce ta zo ta ɗaya, nawa aka tara nawa aka kashe, ranar da za a yi taro na gaba. Mai unguwa zai karanta, wanda bai iya ba a karanta masa a majalisa.

Ku tuna shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016, 'yan aji ɗaya zuwa uku, naira 70 kowane yaro a rana. An yi ta gardama a rediyo ko abincin yana isa ko ba ya isa. Mutumin da ya fi kowa sanin ko ƙwai ya shigo aji ranar da aka ce zai shigo ba ya Abuja, yana nan bayan katangar makarantar. Da akwai mai rubutawa kullum, da gardamar ba ta yi tsawo ba. Haka lokacin da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017 ta ce sama da 21,000 sun faɗi, ƙasa ta ɗauka kamar sabon abu ne ya faɗo daga sama. Ko me mutum yake gani game da yadda aka yi korar, tambayata ɗaya ce: duk shekarun da suka gabata, ina iyaye, ina unguwa? Babu wanda yake leƙa littafin yaro.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a kafteriya: wannan aikin gwamnati ne, in muka ɗauka mun sauke mata nauyi. Akwai gaskiya a ciki, kuma shi ya sa ban ce mu yi karo-karo mu gina aji ba. Da me za mu gina, mu da muke lissafin garin kwaki kafin ƙarshen wata? Albashin malami da rufin aji haƙƙin yara ne a kan ƙaramar hukuma da SUBEB, kuma yana nan a kansu. Amma jami'in da ya san babu mai rubutawa daban yake da wanda ya san akwai kwafin takardar da aka kai masa, da kwanan wata, da sa hannun mai unguwa. Hedimasta ma'aikaci ne, in ya cika surutu a mai da shi ƙauyen da mota ba ta zuwa. Kai da ba ka cin albashin kowa, wa zai canza maka wurin aiki?

Sai kuma abin da muke kira hidimar al'umma a makon ɗalibai. Ba na raina niyyar kowa, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. A buga riguna, a ɗauki bas, a je firamare mafi kusa, a tsayar da darasi, a jera yara a rana, a miƙa littattafan rubutu dozin biyar ana ɗaukar hoto. Sau da yawa kuɗin rigunan ya fi na littattafan. Shekara mai zuwa wasu shugabannin su zo su maimaita, ba wanda ya san abin da na baya suka gani. Makarantar da ke kusa da kamfus baƙi muke a wurinta, shekara biyu mu wuce. Wadda ta san sunan ubanka ita ce ta gida, kuma can ne maganarka za ta yi nauyi.

Mu da muke shirin fita, yawancinmu gida za mu koma mu yi shekarar IT kafin HND, in Allah ya nufa. Shekara guda cur. Zaman kwamiti ba kullum ake yi ba, ba zai hana ka zuwa wurin aiki ba. Illa dai a shiga da ladabi. Malamar da ta koya maka baƙi da wasali tana iya yiwuwa tana nan, tana fama da yara fiye da ɗari a aji ɗaya da albashin da ba ya kai ta tsakiyar wata. In ka shiga kana hura hanci da Turancin poli kamar sufeto, za a ba ka kujera da ruwa, a yi maka murmushi, kuma ba za ka ƙara jin komai ba. Ka fara da gaisuwa, ka bi ta hannun mai unguwa, ka tambayi abin da ya fi damunsu kafin ka faɗi abin da ka gani.

'Yan'uwana mata, ku naku ya fi namu muhimmanci, ba daɗin baki ba ne. Akwai maganar da uwa ba za ta taɓa yi a gaban mai unguwa da liman ba. Yarinyar da ta daina zuwa tun da ta fara girma saboda makarantar ba ta da banɗaki mai ƙofa, ba a taron maza za a ji labarinta ba. Ke za ki iya shiga gida ki zauna a tabarma a gaya miki. Kuma ganin ki kaɗai, 'yar unguwar da ta yi wannan makarantar ga ta da difloma, ya fi duk wata lacca da za a yi wa iyaye a kan karatun 'ya mace.

Ga shugabannin SUG, buƙatata ƙarama ce kuma ba ta cin kasafi. Kafin a fara jarrabawar ƙarshe, a ba mu zaure na awa biyu, a gayyato wani daga ofishin sakataren ilimi da hedimasta ɗaya ko biyu su yi mana bayanin yadda kwamitin ke aiki da yadda ake shiga. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi, da ba mu cika jin ɗuriyarsu ba sai lokacin sukolashif, su rubuta sunayen firamaren da mambobinsu suka fito. Wanda kuma ba zai jira SUG ba, hutun nan in ya je gida ya shiga ofishin hedimasta, ya gaishe shi, ya tambaye shi wane ne yake wakiltar tsofaffin ɗalibai a kwamiti, kuma yaushe ne zama na gaba.