Dusa da tunkuza: ana auna nauyin buhu, wa ke auna abin da ke ciki?

Duk shekara idan rani ya tsananta, maganar abincin dabbobi a Nijar ba ta wuce abu biyu: nawa ne buhu, kuma tan nawa gwamnati ta tanada don sayarwa da rahusa. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, mai kiwo kan ɗaga buhu ya ji nauyi, ya damƙi dusa ya sunsuna, ya biya. Babu takardar da ke gaya masa ko akwai guba a ciki. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan fage ido ba ya ganin komai.

Guba ta farko ita ce aflatoksin, wadda wata fumfuna mai suna Aspergillus ke haifarwa a gyaɗa, masara, angurya da tunkuzar da ake samu bayan an tatse mai. Tana iya kama gyaɗa tun a gona idan ruwa ya ɗauke kafin ta nuna, sannan ta ƙaru a mangaza mai zafi da laima. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya, waɗanda suka ci gurɓatacciyar masara. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta a rukunin farko na abubuwan da ke jawo sankara, musamman ta hanta, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B.

Abin da ya sa lamarin ya shafi kowa shi ne wata ɗabi'a da muka saba da ita: hatsin da ya yi fumfuna ba a zubarwa, sai a ce a ba dabba. Gyaɗar da aka tsince ta lalace, masarar da ruwa ya taɓa, duk turke suke ƙarewa. Saniya ko akuya ta ci, hantarta ta juya gubar, wani kaso ya fito cikin nono kafin kwana guda. Tafasawa ba ta kashe ta, barin nono ya yi tsami ma haka. Ke nan abin da aka hana yaro a tuwo yana iya dawo masa a fura. Shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade maikirogiram 20 a kilo ga kayan haɗa abincin dabbobi, 5 kacal ga abincin shanun tatsa, sannan 0.05 a kilon madara.

Mai kiwo ma yana asara ba tare da ya san dalili ba. Kaji sun fi saurin nunawa: ƙwai ya ragu, girma ya tsaya, allurar rigakafi ta ƙi aiki yadda ya kamata. Ragon turka ya ci buhu bayan buhu amma bai ciko ba. Matashin da ya buɗe gidan kaji a bayan gari, ko ɗan ci-ranin da ya turo kuɗi daga Abijan ko Aljeriya a turke masa raguna kafin layya, sai ya ɗora laifi a kan iri, ko likitan dabbobi, ko ƙanen da ke kula da su.

Guba ta biyu ƙarafa ne: dalma, zaiba, kadimiyom. Waɗannan ba ruwansu da laima. Suna shiga ta ƙasa, ta ruwa, ta ƙura, ta tsofaffin batura da ake fasawa a unguwa, ta bolar da dabbobin birni ke kiwo a kai, ko ta gishirin lasa marar inganci. Suna taruwa a hanta da ƙoda, sassan da masu tsire da balangu ke sayarwa kowane dare. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 bai kamata a manta da shi ba. An riƙa niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje, yara kusan 400 suka mutu, kuma mazauna ƙauyukan sun lura agwagi sun fara ƙarewa kafin a gane abin da ke kashe yaran. Dabba ce ta fara ba da labari, ba a saurare ta ba. Yau ana haƙar zinariya a Jado, a Komabangu, har a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, kuma masu wanke ta da dama da zaiba suke aiki.

Abubuwa biyu sun ƙara wa batun nauyi a ƴan shekarun nan. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa na biyowa ta Togo da Burkina Faso cikin ayarin motoci, suna daɗewa a hanya ƙarƙashin tampol, cikin zafi, wani lokaci cikin ruwa. Sai kuma ambaliyar 2024 da ta yi ɓarna sosai a Maraɗi da Damagaram, ta jiƙa rumbuna da mangazu. Duk kayan da ya jiƙe ya sake bushewa, a ido lafiya lau yake.

Ƙasar ba ta rasa wuraren aiki ba. Akwai LABOCEL, babban ɗakin gwaje-gwajen kiwo a Yamai. Akwai LANSPEX mai duba ingancin magani, abinci da ruwa. Akwai ANMC mai tsara ma'auni, ga INRAN, ga cibiyar ICRISAT a Sadore wadda ta daɗe tana bincike kan gyaɗa. Gwajin aflatoksin na gaggawa ɗan tsinke ne da ake tsomawa cikin ruwan samfur, ya ba da amsa cikin mintoci. Na ƙarafa ne ke buƙatar babbar na'ura, sai an aika samfur. Wahalar tana wajen ɗiba: gubar ba ta bazuwa daidai, buhu ɗaya kan iya ɓata mota guda, don haka dole a ɗebo daga buhuna da yawa a gauraya.

Ba za a iya gwada kowace tiya a kowace kasuwa ba, kuma ba a buƙatar haka. Ƙofofi uku sun isa a fara. Ta farko bakin iyaka, inda duwan ke tsayar da mota dama. Ta biyu sayayyar gwamnati: duk ɗan kasuwar da zai ba da dusa ko tunkuza don sayarwa da rahusa, sakamakon gwaji ya zama sharaɗin biyansa. Ta uku cibiyoyin tara madara irin na Hamdallaye da Kollo, inda nonon garke da yawa ke haɗuwa. Sannan a buga sakamakon, a faɗe shi a gidajen rediyo da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek.

Ƴan kasuwa za su ce gwaji zai ƙara tsada, kuma a shekarar fari mai kiwo ya fi son abinci marar kyau da babu. Akwai gaskiya a ciki. Amma gwaji ba ya nufin ƙona duk abin da ya gaza: yana ba da damar ware kaya, a hana shanun tatsa da kaji abin da manyan dabbobin turka za su iya jurewa, a lalata wanda ya wuce gona da iri.

Kafin hukuma ta motsa, mai kiwo na da nasa: ya ɗora buhu a kan katako, nesa da bango, kada ya sayi abin da ya dunƙule ko ya canza wari, ya tambayi mai sayarwa takardar gwaji. Ranar da masu tambayar suka yi yawa, mai sayarwa zai nemo ta.