YUNWA BA TA TAFIYA HUTU: Yadda Talakawan Ingila Suka Sa Gwamnati Ta Lashe Amanta

Da yawa daga cikin 'yan'uwa matasa sun san Marcus Rashford ne a gidan kallon ƙwallo. Sun san gudunsa, sun san ƙwallayen da ya ci wa Manchester United, amma ba kowa ne ya san abin da ya yi ranar 15 ga Yunin 2020 ba, alhali kuwa shi ne ya fi cancanta a sani. A wannan rana ce saurayin, yana ɗan shekara 22, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga 'yan majalisar dokokin Birtaniya a kan abincin yara 'yan makaranta.

Ga yadda abin yake. A Ingila, yaron da iyayensa ba su da hali ana ba shi abincin rana kyauta a makaranta. To amma duk shekara, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, ana tafiya dogon hutun bazara na kimanin mako shida. Ranar da aka kulle ƙofar makaranta, ranar aka kulle ɗakin girkinta. Ɗan mai kuɗi yana murnar hutu, uwar ɗan talaka kuwa tana lissafin inda za ta samo ƙarin abincin rana biyar a kowane mako, ga kowane yaro, ba tare da albashinta ya ƙaru da ko sisi ba.

Kada wani ya ce mahukuntan ƙasar ba su san da wannan ba. Tun 1906 suka yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi damar ciyar da 'yan makaranta. A 1907 aka riƙa auna nauyin wasu yara a garin Bradford, sai aka ga suna ƙara ƙiba a makonnin da ake ciyar da su, da an tafi hutu kuma sai nauyin ya koma baya. A 1914 aka gyara dokar domin a iya ciyarwa har lokacin hutu. Wato sama da shekara ɗari ke nan da sikeli ya ba da shaida, amma a 2020 sai ga shi ana ta musu a kai kamar wani sabon abu.

A shekarar, annobar korona ta sa an rufe makarantu tun watan Maris, gwamnatin Boris Johnson ta riƙa bai wa iyayen kowane yaro mai cin abincin kyauta takardar sayen abinci ta fam 15 a mako. Da hutun bazara ya matso sai ta ce atafau ba za ta ci gaba ba, wai ai hutu ne. A nan Rashford ya shigo. Shi ba labari aka ba shi ba, domin kuwa a unguwar Wythenshawe ta birnin Manchester ya tashi, a hannun uwa da ke aiki dare da rana amma abin bai isa ba, kuma da abincin makaranta da na maƙwabta ya girma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwana ɗaya tak bayan wasiƙar, gwamnati ta lashe amanta, ta ware kimanin fam miliyan 120 domin yara wajen miliyan 1.3.

Jaridu sun yi ta yabon ɗan ƙwallo, kuma ya cancanci yabon. Sai dai abin da ya faru bayan wata huɗu ya fi wannan ban sha'awa, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Ranar 21 ga Oktoba aka kawo ƙuduri majalisa cewa a ci gaba da ciyar da yaran a hutun da ke tafe. 'Yan majalisa 322 suka ce a'a, 261 suka ce e. Ƙuduri ya faɗi. Mutanen da ke cin abinci mai rangwame a cikin ginin majalisar su ne suka yanke cewa ɗan talaka ya nemi na kansa!

Me jama'a suka yi? Ba su tsaya ga zagi ba. Kafin a kwana biyu masu gidajen abinci, masu shagunan shayi da burodi, masu suyar kifi da dankali, masallatai, coci-coci da ƙungiyoyin unguwa suka fara sanarwa ɗaya bayan ɗaya: duk yaron da ke jin yunwa ya zo ya karɓa, ba za a tambaye shi komai ba. A lura, waɗannan ƙananan 'yan kasuwa ne da dokar kulle ta riga ta karya wa jari. Rashford ya zauna yana yaɗa sunayensu da garuruwansu a Twitter har suka kai ɗaruruwa. Ƙananan hukumomi da dama, har da wasu na jam'iyya mai mulki, suka bi sahu. Sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke. A farkon Nuwamba gwamnati ta sake lashe amanta karo na biyu, ta ba da fam miliyan 170 na tallafin hunturu, da fam miliyan 220 domin shirin ciyarwa da wasanni a hutun 2021.

Akwai masu cewa ciyar da yaro aikin iyayensa ne, kuma wasu 'yan majalisar da wannan suka fake. Gaskiya ne haƙƙi ne a kan iyaye, babu mai ja. To amma uwar da ta yi aiki biyu albashin bai kai ƙarshen wata ba, da me za a tuhume ta? Kuma ko da a ce iyayen ne suka yi sakaci, wane laifi yaro ɗan shekara bakwai ya yi da za a hukunta shi da yunwa?

Akwai kuma wasu a ɗaya ɓangaren, su ma sun yi kuskure, kuma kuskurensu ya fi saurin kama matasa masu zafin kai. Su cewa suke yi duk wanda ya ɗora tukunya domin yaran unguwa ya rufa wa azzalumai asiri ne, ya ɗauke musu nauyi, don haka a bar abin ya lalace kowa ya gani. Abin da ya faru a Ingila ya ƙaryata wannan. Ƙuri'a 261 ba su motsa gwamnati ba. Abin da ya motsa ta shi ne kunya, ganin mai ɗan shagon da ake bi bashi yana yin abin da baitulmalin ƙasa ya ce ba zai iya ba. Kowace tukunya da aka ɗora ta zama hujja a kan mahukunta, domin masu ɗora ta ba su yi shiru ba, suna rabawa suna faɗin dalilin da ya sa suke rabawa. Wanda ya ƙi girki yana jiran gwamnati ta ji kunya, da cikin yaron wani yake caca.

Abin ya kai ga a Disambar 2020 hukumar UNICEF, a karon farko a tarihinta, ta ba da kuɗin ciyar da yara a cikin Birtaniya, fam 25,000 ga wani shiri a yankin Southwark na birnin Landan. Maimakon a sunkuyar da kai, sai wani jigo a gwamnati, Jacob Rees-Mogg, ya miƙe a majalisa ya ce hukumar ce ya kamata ta ji kunya. Ƙasar da ta mallaki kusan rubu'in duniya a da ke nan.

Tsugunne dai ba ta ƙare ba. A 2024 yaran da suka cancanci abincin kyauta a Ingila sun kai miliyan 2.1, kusan ɗaya cikin kowane huɗu. Tsakanin Afrilun 2023 da Maris na 2024, rumbunan agaji na ƙungiyar Trussell Trust sun raba ƙunshin abinci sama da miliyan 3, fiye da miliyan ɗaya daga ciki na yara ne. Shirin hutun da aka ƙwato da ƙyar kuwa, tsarinsa a bazara shi ne awa huɗu a rana, kwana huɗu a mako, na mako huɗu. Kwana 16 ke nan cikin hutun kwana 42. Wasu ƙananan hukumomi kan ƙara da takardar sayen abinci, wasu ba sa yi. Sauran kwana 26 ɗin, a unguwanni da yawa, suna wuyan iyaye da masu tukunyar sa kai.