Malam na bakin ƙofa, likita na Kware

1/ Daren jiya a teburin mai shayi nan Ƙofar Marke wani abokinmu ya tafka shirme, sai aka ce "kai, wanga sai Kware!" Kowa ya fashe da dariya, har da ni. Da na koma ɗaki sai dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro. Ku ara mini minti biyar. Zare 🧵

2/ Ga waɗanda ba Sakkwatawa ba: Kware gari ne a arewa da birnin Sakkwato, bai kai tafiyar awa ɗaya ba. A can asibitin gwamnatin tarayya na masu taɓin hankali yake. Yadda Bakano zai ce "a kai shi Dawanau", haka mu ke cewa Kware. Mun mai da sunan asibiti abin zagi.

3/ Ga dalilin da dariyar ta ƙi wuce mini. Ɗiyar kawuna, Yaya nake ce mata, tana aure a wani ƙaramin gari a gabashin jihar nan. Bara ta haifi ɗanta na fari. Tun kafin suna ta daina barci. Ta riƙa magana ita kaɗai. Ta ƙi ba jaririn nono, wai an musanya mata shi.

4/ Nan take aka ce iska ce, ta same ta wajen wankan jego. Aka kira malam, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya. Akuya biyu suka tafi. Da ta fara fita da dare sai aka ɗaure mata ƙafa da igiya don kar ta faɗa rijiya. Uwarta ce ta ɗaura, tana ɗaurawa tana kuka.

5/ Kar ku ce ba a je asibiti ba. An je na garin. Aka gwada zazzaɓin cizon sauro da taifot, aka ƙara mata ruwa leda biyu. Daga baya ma'aikacin ya ja kawu gefe ya ce: "Baba, wannan fa ba na asibiti ba ne." Ku riƙe wannan maganar, zan dawo kanta.

6/ Sai bayan wata biyu Innarmu ta kafe aka kawo ta gidanmu, muka kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya ce sanannen ciwo ne da ke kama mace ɗaya ko biyu cikin 1,000 bayan haihuwa, kuma yana da magani. Cikin 'yan makonni Yaya ta dube ni ta ce: "Ina yarona? Ku kawo mini shi."

7/ Na ɗauka an gama. Ashe da sauran rina a kaba. An ce ta riƙa dawowa duk wata a duba ta, a ba ta magani. Wato kuɗin motar mutum uku zuwa da dawowa, ita da mijinta da mai riƙon jariri. Kun san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023.

8/ Ga hanyar gabas, wadda kowa ya san sai da addu'a ake binta saboda 'yan bindiga. Ga damina ta faɗi, miji na gona. Wata ɗaya aka fasa zuwa, na biyu ma haka. Magani ya ƙare, kemis ɗin garin ba su ma san sunansa ba. Ciwo ya dawo. Mutane suka ce: "Ai mun faɗa muku, ba na asibiti ba ne."

9/ To ga ra'ayina. Mu 'yan boko mun cika cewa mutanen ƙauye jahilci ne ke hana su zuwa asibiti. Ni ban yarda ba. Kawuna ba jahili ba ne, lissafi ya yi. Malam na bakin ƙofa, yana karɓar kaza ko tiyar gero, ko ya yi haƙuri sai kaka. Likita na bayan tafiyar yini, kuma kuɗi hannu.

10/ Ku dubi inda maganin yake. Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23, amma in ana maganar likitan ƙwaƙwalwa, wuraren da kowa ya sani su ne Kware da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Duka a birni ko gefensa. Mutumin Isa, Sabon Birni, Gudu ko Kebbe fa?

11/ A ƙasar gaba ɗaya ma, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Ko yau aka raba su, ba za su isa kowace ƙaramar hukuma ta samu ɗaya ba, tunda 774 gare mu. Duk mai jiran a turo ƙwararre garinsu zai daɗe yana jira.

12/ Shi ya sa na ce ku riƙe maganar ma'aikacin nan. Ban ga laifinsa ba, abin da ba a koya masa ba ne. Alhali tun 1991 tsarin Najeriya ya ce lafiyar ƙwaƙwalwa na cikin ayyukan ƙananan asibitocin matakin farko. Yau sama da shekara 30 ke nan, abin na kan takarda.

13/ Kuma hanyar koyarwar akwai ta. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke horar da nas da ma'aikacin lafiya na karkara su gane ciwon damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya da shaye-shaye, su fara magani, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba.

14/ Da haka ake yi a garin su Yaya, sau ɗaya ko biyu za ta zo birni. Sauran bibiya da karɓar magani a yi su a gida, kusa da ɗanta. Akwai ma magungunan da allura ce ake yi sau ɗaya a wata. Wanda ya iya allurar rigakafi zai iya wannan in an horar da shi an kuma kai masa kayan.

15/ Na san wani zai ce: "Wato kai ba ka yarda da addu'a ba?" Na yarda ɗari bisa ɗari. Har yau muna yi wa Yaya. Amma in mutum ya karye a ƙafa muna addu'a kuma muna kai shi a ɗora. Ƙwaƙwalwa ma tsoka ce a jiki. Me ya sa ita kaɗai za a ce sai dai a zaɓi ɗaya?

16/ Wannan ba sabon tunani ba ne. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta: majiyyaci ya zauna da ɗan'uwansa a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, yana zuwa karɓar magani, kuma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Duniya ta zo ta koya.

17/ A Zimbabuwe kuma Dakta Dixon Chibanda kakanni mata ya horar, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa. Mu da muke da limamai, ungozomomi da malaman Islamiyya a kowane lungu, me zai hana a koya musu alamomin da ke cewa "wannan a kai shi asibiti yau"?

18/ Don in ba a kai magani kusa ba, mari ne ke cike gurbin. Ku tuna Satumbar 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa. Wata na gaba aka ga irinsa a Daura. Yawancinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, don ba su san wani wuri ba.

19/ A farkon 2023 aka sanar Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa. Madalla. Amma doka ba ta haɗiyuwa da ruwa. Sai ran da ƙwayar magani ta isa kantar asibitin ƙauye za mu ce an yi.

20/ Kuma buƙatar ƙaruwa take. Ku yi tunanin matar da aka kashe mijinta a gabanta, ko yaron da ya yi wata uku a daji hannun masu garkuwa. An biya fansa, an yi barka, an watse. Wa ke tambayarsa ko yana barci? Wasu daga nan suke faɗawa ƙwaya, mu kuma mu ce sun lalace.

21/ Kafin gwamnati ta farka, ga namu. In ɗan'uwa ya yi kwanaki ba barci, yana jin muryoyi, yana zargin kowa, ya bar wanka da abinci, ko yana maganar gara ya mutu, kar a jira a ga ƙarshen hayaƙi. A kai shi. In mai jego ce, a ranar. Kuma in ya samu sauƙi kar a yanke magani sai likita ya ce.

22/ Mu da ke birni mu ne gada. Ka ba su masauki. Ka raka su layin kati. Ka ajiye ranar komawa a wayarka. Ka tambayi likita ko za a iya ba da maganin wata biyu, ko a rubuta wa asibitin garinsu takarda. Yanzu ni ke karɓo na Yaya in ba direban garinsu. Kuɗin datar sati biyu ne wallahi.

23/ Zaɓe na zuwa, 'yan takara za su shigo unguwanni. Ban da shinkafa da atamfa, a tambaye su: asibitocin matakin farko nawa ne a mazaɓarka ke da wanda aka horar kan lafiyar ƙwaƙwalwa? Ko bai da amsa, ya dai ji an tambaya.

24/ Yaya na nan lafiya, yaron har ya fara tafiya. Ranar da na je gaishe ta sai ta ce: "Ƙanena, don Allah kar ka bari a san inda aka kai ni." Da izininta na rubuta wannan, bisa sharaɗin ba suna ba gari. Ta warke daga ciwon, amma tana tsoron dariyarmu. Ni dai na bar cewa "sai Kware". In a garinku akwai inda ake samun wannan kulawa, ku rubuta a ƙasa, wani na nema. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.