Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Sababbin Ma'aikatan Jinya



Takardar rajista ta Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya shaida ce cewa nas ta ci jarrabawa. Samo jijiya a hannun yaron da gudawa ta ƙarar da ruwan jikinsa, da ƙarfe biyun dare, uwarsa na tsaye tana salati, wannan kuwa sai a bakin gado ake koyonsa. Kafin hannu ya faɗa, sabuwar nas kan sha kuka a ɗakin canza kaya, ta wanke fuska, ta fito.

Abin ba yau ya fara ba. Tun a 1974 Marlene Kramer ta Amurka ta yi littafi guda kan firgicin da ke korar sababbin nas daga aiki. A 1984 Patricia Benner ta nuna cewa sai an yi shekara biyu zuwa uku a fanni ɗaya kafin nas ta tsaya da ƙafarta. Wadda ta yi wata huɗu tana jin kamar ba ta san komai ba, daidai take da sa'o'inta.

A Najeriya kuma ga ƙarin nauyi. A farkon 2024 magatakardan hukumar, Faruk Abubakar, ya ce nas 42,000 suka bar ƙasar cikin shekara uku, 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Sistar da ya kamata ta zauna ta koyar, ita ma ɗaki cike da marasa lafiya ke wuyanta, ga damina ta shigo, yara biyu a gado ɗaya. Koyarwar sai ta fito da tsawa.

Tsawar ba daɗi, amma galibi akwai gyara a cikinta. Idan metiron ta ce, "Wa ya koya miki saka ƙarin ruwa haka?", amsar da ke aiki ita ce, "Sista, don Allah a nuna mini." A ɗauki gyaran, a rubuta a ɗan littafin aljihu, a bar mata zafin muryarta. Babban haɗarin yana wajen nas ɗin da tsoron faɗa ya rufe wa baki: ba ta gane rubutun likita a folda ba, tana shakkar adadin allura, ga kunyar manya da aka raine ta a kai, sai ta yi shiru ta cinka. Kunya ado ce a gida. A gaban kwalbar magani kuwa, tambaya ce ladabi.

Zagin masu jinya lissafinsa daban. Mutumin da aka tura neman jini leda biyu, aljihunsa babu ko sisi, nas ce kaɗai ya gani a tsaye, kanta zai sauke. "Baba, ka yi haƙuri, ga abin da ake ciki," da bayani a taƙaice, kan kashe wutar. In ya ɗaga hannu, magana ta koma ta masu gadi da rahoto a rubuce.

Haka ma cin mutunci daga na gaba: gori kullum a gaban marasa lafiya, ko jibga wa mutum ɗaya aikin dare. Wannan ya wuce horo. A rubuta rana da lokaci da wanda ya gani, a kai wa shugabar sashen jinya, in an yi biris a nufi reshen ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma, NANNM, na asibitin.

Sai kuskure, wanda babu nas ɗin da za ta yi ritaya ba ta yi ba. A sanar nan take, a rubuta yadda ya faru, domin minti goma na ɓoyewa kan hana a ceto majinyaci. A 2000 likita Albert Wu ya ja hankali cewa ma'aikacin da kuskure ya fito ta hannunsa shi ma yana jin rauni, yana buƙatar mai saurarensa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa ƙonewar zuciya saboda aiki matsala ce ta wurin aiki: gajiyar da barci ba ya cirewa, jin an tsani aikin, da ganin ba a taɓuka komai. Addu'a da hira da abokiyar aji suna rage nauyi ƙwarai. Amma wadda ta yi mako biyu barci ya ƙaurace mata, gabanta na faɗuwa duk ranar shiga aiki, ta ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai su a asibitocin koyarwa, da asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri.

Wassalam.