Daga Bencin Mai Shayi Zuwa Shagon Gilashi: Me Kake Saya da Kuɗinka?

Wannan makon ku ajiye jaka, za mu zagaya wuraren shan shayi na Gusau, mu leƙa Tsafe da Bungudu. Akwai darasi a cikin kofin shayi da ya shafi aljihunku kai tsaye.

Mu fara da kalmar. Daga Larabci muka aro "shayi", ita kuma ta Larabcin asalinta daga ƙasar Sin ne, inda ake kiran ganyen "cha". Itacen shayi yana son tuddai masu sanyi da yawan ruwan sama, shi ya sa ba ku taɓa ganin gonarsa a Zamfara ba. A Najeriya, a kan tsaunin Mambila na jihar Taraba ake noma shi, kuma a garin Kakara ake sarrafa wanda ake kira Highland Tea. Ta hanya biyu shayi ya iso mana. Koren ganye ya biyo Larabawa da Buzaye ta hamada. Baƙin ganye da ake sha da madara da burodi kuwa ya biyo Turawa ta bakin teku. Kafin nan koko da ƙosai, kunu da ɗumamen tuwo su ne kalacin kakanninmu, kuma har gobe ba su bar gidajenmu ba.

Gusau gari ne mai tarihi. Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa shi sama da shekara 200 da suka wuce. A 1929 aka kammala layin dogo da ya taso daga Zariya, ya ratsa Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda, sai garin ya zama cibiyar cinikin auduga da gyaɗa. A 1996 ya zama babban birnin sabuwar jihar Zamfara, a 2013 kuma ya samu jami'ar tarayya. Kowanne daga cikin waɗannan ya kawo baƙi: leburori, direbobi, ma'aikata, ɗalibai. Mutumin da ya fito da asuba, ba shi da wanda zai dama masa koko, ina zai nufa? Irin waɗannan mutane ne suke raya sana'ar mai shayi.

Je ka Tudun Wada ko Sabon Gari bayan sallar asuba ka tsaya ka kalla. Tebur ne guda, an jera gwangwanayen madara da Bournvita da Milo kamar ginin bene, burodi a gefe, kiret ɗin ƙwai a ƙasa, ga katan ɗin Indomie. Babbar buta tana kan wuta tun kafin kiran salla. Benci biyu ko uku sun kewaye teburin. Wani ya ce a haɗa masa mai kauri, wani ya ce ruwan bunu kawai, wato ba madara. Mai shayi ya ɗaga hannu yana sheƙa shi daga wannan kofi zuwa wancan har ya yi kumfa ya huce, ko ɗigo bai zube ba.

Ku lura da kansa, ba hannunsa kaɗai ba. Mutum shida suna zaune, kowa da abin da ya ce a ba shi, ga wainar ƙwai a kasko, ga yaro ya zo da kofin gida an aiko shi. Duk da haka yana riƙe da lissafin kowa, ya san wanda ya biya da wanda ya ce sai gobe. Ya san gwangwanin madara ɗaya kofi nawa zai yi, in ya wuce haka ya faɗi. Wannan shi ne abin da malamin lissafi da na kasuwanci suke ta fama ku gane a allo. Wanda ya raina mai shayi bai taɓa gwada tsayuwa a bayan teburin na awa ɗaya ba.

A kan wannan benci ɗan kabu-kabu da malamin makaranta da ɗan kasuwa kafaɗa da kafaɗa suke zama. Kuɗin shayi kawai za ka biya, hira da labari kyauta ne. Yayyenku za su tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. A kwanakin nan, rediyo da bakin mutane su ne hanyar samun labari, kuma benci irin wannan na cikin wuraren da ake jin wa ya iso lafiya daga tafiya.

Yanzu mu hau mota mu bi hanyar Funtuwa zuwa Tsafe, ƙasar 'Yandoto, tsohon garin malamai. Teburin bakin titi a nan na matafiya ne. Direba ya tsaya, ya sha mai zafi a gurguje, ya tambayi yadda hanya take a gaba, ya wuce. Abin da ake saya shi ne ɗumin ciki da labarin hanya. Sai dai kowa ya san halin da wannan hanya ta shiga, mutane da yawa sun daina tafiyar dare. Idan motoci suka daina wucewa da dare, cinikin mai shayi na dare ya tafi, na mai burodi da mai ƙwai ma ya ragu. Kun ga yadda rashin tsaro yake shiga har cikin kofin shayi. Allah ya kawo mana zaman lafiya.

Daga nan mu juyo, mu ratsa Gusau, mu kama hanyar Sakkwato zuwa Bungudu. A nan ina so ku kalli wani shayin dabam, wanda ba sayar da shi ake yi ba. Samari sun shimfiɗa tabarma bayan la'asar, an yi karo-karo an sayo koren ganye da sukari, ƙaramar buta tana kan gawayi. Wannan shi ne ataya, shayin Buzaye. Sau uku ake dafa ganye ɗaya, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, ana sha a 'yan ƙananan kofuna. Kuɗinsa kaɗan ne, amma yana cin lokaci. Kafin a sauke na uku, awa biyu ta wuce. Ga manomin da ya dawo daga gona hutu ne. Ga ɗalibin da jarrabawar WAEC ko NECO ke gabansa, awa biyu kullum babban kuɗi ne.

Sai mu dawo Gusau mu shiga shagon zamani. Ƙofar gilashi, kujeru masu laushi, fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, wurin cajin waya, farashi a rubuce. Ana dafa shayin da citta da kanumfari da kirfa da na'a-na'a, wani da zuma, a kawo maka a kofin tangaran ko na takarda, ka biya ta POS ko taransifa. Kada mu yi masa rashin adalci, yana da abin yabo. Yawanci akwai tsafta da haske, ana iya buɗe littafi a yi karatu. Kuma yarinya za ta iya zuwa da yayanta ko iyayenta ta zauna, alhali a teburin bakin titi sai dai ta aiki ƙanenta da kofi.

To me ya sa kofinsa ya fi tsada? Ganyen da ruwan zafin kusan ɗaya ne. Ƙarin da ka biya na hayar shago ne, da man janareta ko sola, da albashin ma'aikata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan nauyi ya ƙaru. Wato kujera da sanyi da wuta ka saya, shayin rakiya ya yi. Idan su kake buƙata, ba laifi. Idan kuwa don ka ɗauki hoto ka sa a WhatsApp ne, sai ka tsaya ka yi lissafi.

Mu ƙaddara shayi da burodi naira 500 ne a tebur, a shago kuma naira 1,500. Bambancin naira 1,000 ke nan. Sau biyu a mako, a zango mai mako 13, ya zama naira 26,000. Ku sa farashin unguwarku na gaskiya ku sake bugawa, sannan ku tambayi malaminku nawa ne rajistar JAMB ta bana, ku kwatanta.

Teburin gargajiya ma yana da nasa tarkon, shi ne littafin bashi. Mai shayi yana ba ka bashi ne don ya san gidanku. Na san ɗalibin da ya yi wata guda yana zagaye ta bayan layi zuwa makaranta, don kada ya wuce ta gaban teburin da ake binsa. Ƙarshe mahaifinsa aka tara da maganar a ƙofar masallaci. Kuɗin ba su da yawa, amma kunyar ta daɗe. Wancan kuɗi kuma jarin mutum ne, da shi zai sayo madarar gobe.

Ga abu biyu game da lafiya, ko ina kuka sha. Na ɗaya, sukari. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin ƙaramin cokali 12 ga babban mutum, in an tsaya a shida ya fi. Ku ƙirga cokalin da ake zuba muku a kofi ɗaya. Na biyu, shayi yana ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke kore barci, kuma yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe da ke gina jini idan an sha shi tare da abinci. Wanda ya sha mai ƙarfi da dare don ya yi karatu, gobe a aji zai biya bashin barcin. 'Yan mata, da duk wanda aka taɓa ce masa jininsa ya yi ƙasa, su bar tazarar awa guda tsakanin abinci da shayi.

Aikin gida na wannan mako: ku je wurin mai shayin unguwarku da rana, lokacin da ba ciniki, 'yan mata ku tafi da yaya ko ƙane. Ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi, nawa yake sayen madara da sukari da gawayi ko gas, kofi nawa yake sayarwa a yini. Ku fitar da ribar kofi ɗaya, ku rubuto mana ba tare da sunansa ba. Za mu buga amsoshin da suka fi tsari. Wanda kuma ake binsa bashi a can, ya fara biya kafin ya yi tambayar farko.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.