Jitar Agadas a Kunnen Masoyi

 Sharhinmu na yau na kiɗa ne, kuma irin kiɗan da da yawa daga cikinmu ke kira hayaniyar Turawa, wato rok. Ni dai na daɗe da kamuwa da son sa, tun zamanin kaset, lokacin da idan rediyo ta tauna zare sai ka nemo biro ka zauna kana naɗewa kana salati. Saboda haka ku sani tun yanzu, masoyi ne ke magana, kuma so hana ganin laifi, ko da yake yau zan ɗan kwatanta adalci.

Akwai wata kalma da masu bin wannan kiɗa ba sa rabuwa da ita, wato indi. Tushenta kalmar Turanci ce mai nufin cin gashin kai. Tun ƙarshen shekarun 1970, a Ingila da Amurka, an sami ƙananan kamfanonin buga faifai da suka ƙi shiga inuwar manyan 'yan kasuwar waƙa. Akwai Rough Trade a Landan, gidan da ya fito da The Smiths. Akwai Sub Pop a birnin Seattle, wanda ya buga albam ɗin Nirvana na farko, Bleach, a 1989. Sai Matador a Niyok, shi ma a wannan shekarar aka kafa shi. Makaɗin da ke irin wannan gida ba ya samun kuɗin talla na a zo a gani, amma fa ba mai tsaya masa a ka ya ce rage tsawon waƙar nan, ko sassauta jitar nan don gidajen rediyo su karɓa. Da tafiya ta yi tafiya, sai sunan ya tashi daga kan kamfanonin ya koma kan sautin kansa.

To, wannan Matador ɗin, gidan su Pavement da Interpol, shi ne a 2020 ya ɗauki wani Ba'abzine ɗan Nijar mai suna Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar. Faya-fayensa uku na baya-bayan nan su ne abin da na zo da shi yau.

Abin da ya fi ba ni takaici da dariya a lokaci guda shi ne, a bakin Turawa na fara jin sunansa, alhali albam ɗinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008. E, Sakkwato tamu. Wanda ya saurari faifan zai ji tambarin situdiyon waƙoƙin fim na Hausa na wancan zamani ɓaro-ɓaro: gangar kwamfuta, da muryar nan da na'ura ke lanƙwasawa har ta koma kamar ana magana ta cikin bututu. Babu kamfanin da ya rarraba shi a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi tafiya, ta Bluetooth da katin memori, a tasha da shagon cajin waya, har ya kai Mali. A can wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci waƙarsa Tahoultine a wayoyin mutane, ya sa ta a wani kundi da ya fitar a 2011 na waƙoƙin da ya kwaso daga wayoyin Sahara, sannan ya shiga neman mai ita. Turawa na alfahari da labarin Arctic Monkeys, yaran Sheffield da magoya bayansu suka yi ta raba waƙoƙinsu a intanet kafin albam ɗinsu na 2006 ya fito ya karya tarihin ciniki a Ingila. Mu ma ga namu, kuma babu ko intanet ɗin a ciki.

Mdou bahago ne. Ya taso a gidan da ba a yarda da kiɗa ba, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, katako da wayar birkin keke. Yanzu Fender yake riƙewa, amma har yau da yatsa yake kaɗawa, ba ya amfani da 'yar robar nan da makaɗan rok ke tsinkar tsirkiya da ita. Wannan ya sa sautinsa ke da wani irin sauri mai gargada, kamar mai gurmi da aka jona wa lantarki. A bayansa akwai Ahmoudou Madassane da jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a kan ganguna, sai Mikey Coltun, Ba'amurke, mai kaɗa bas kuma mai haɗa musu sauti. Ku riƙe sunan Souleymane mai gangar nan, za mu dawo kansa.

Afrique Victime ya fito a watan Mayun 2021, kuma a wurina har gobe shi ne gwarzo a cikin ukun. Waƙoƙi tara ne, an jera su kamar yadda gwanin girki ke jera kwano. Chismiten ce ke buɗe ƙofa, da takun da ke fara tafiya a hankali yana ƙara sauri, yana ƙara sauri, har ka farga ƙafarka na buga ƙasa ba da izininka ba. Wannan dabara ta bikin aure ce, don a wuraren biki na Agadas mutanen nan suka goge, inda idan makaɗi bai ta da ƙura ba to ba za a sake gayyatarsa ba. Daga nan sai a kwantar maka da hankali da Tala Tannam, waƙar soyayya mai taushi da jitar katako. Sai can kusa da ƙarshe waƙar da aka raɗa wa faifan sunanta ta iso, minti bakwai da ɗoriya. Na tuna daren da na fara jin ta. An ɗauke wuta, ina kwance a tabarma a tsakar gida saboda zafi, abin sauraro a kunne, cajin waya saura kaɗan. Rabin farko waƙa ce kamar kowace, ana rerawa ana amsawa. Sai ganga ta fara gudu, jita ta bi ta, sautin ya yi ta hawa yana tsagewa yana kuwwa har na ɗaga kai na dubi sama, wai ko hadari ne ya taso. Wayar ta mutu saura 'yan daƙiƙu a gama. Ban yi barci da wuri ba ranar.

Albam na biyu, Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, ya fito ranar 3 ga Mayun 2024. A nan ne zan yi magana a kan waƙoƙin ɗanɗano, irin waɗanda ake sakowa ɗaya-ɗaya kafin albam ya fito don a ja ra'ayin jama'a. Wannan al'ada ta tsufa, tun zamanin ƙaramin faifan garmaho mai waƙa ɗaya a kowace fuska, amma yanzu ta zama ita ce kasuwar gaba ɗaya. Yaro ya ji daƙiƙa talatin a TikTok, ya yanke hukunci, ya wuce. Da aka saki waƙar farko ta wannan albam a farkon shekarar, ni ma na yi irin wannan gaggawar. Na ji an faɗo mini da jita da ganga lokaci guda ba ko sallama, na ce shi ke nan, mutumin ya zama ɗan rok na Amurka, ya bar gida. Na yi kuskure, kuma Imouhar ce ta nuna mini kuskuren. Tana farawa can ƙasa-ƙasa, a dusashe, kamar tsohuwar rediyo a ɗakin maƙwabci, har ka kai hannu za ka ƙara murya. Kada ka ƙara. Bayan kamar minti guda sai ƙofa ta ɓalle. Kira ne ga Abzinawa su riƙe harshensu na Tamashek kada ya salwanta a bakin 'ya'yansu, kuma wannan shiru na farko da ƙarar da ta biyo baya su ne ma'anar waƙar tun kafin a fassara maka kalma ɗaya. Wanda ya ji daƙiƙa talatin daga tsakiya ya ji ƙara kawai.

Faifan na fushi ne, ba ɓoye-ɓoye. Akwai waƙa sukutum da aka yi wa Faransa, kuma wanda ya san cewa daga 1971 an shafe shekaru da dama ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kai wa tashoshin lantarkin Faransa, alhali ƙauyukan yankin na kwana a duhu, ba ya buƙatar tafinta. Cikin kwana biyar suka naɗe shi, a wani gida da babu ko kayan kirki a cikinsa a jihar Niyok, bayan sun shafe shekara biyu suna yawon wasa a duniya, kuma ana jin wannan a jikinsa: hannuwa sun saba da juna, ba mai jiran wani. Souleymane mai ganga a nan ya zama abin tsoro. Yana riƙe da takun takamba, mai ɗingishin raƙumi, amma da ƙarfin maƙeri. Inda nake da ƙorafi shi ne tsakiyar faifan. Wuta a kan wuta, kunne na gajiya, kuma wurin hutawar da Afrique Victime ke ba ka ya yi ƙaranci a nan. Idan kowa a gida na ihu, ba ka sanin wanda aka taka.

Kamar sun ji ƙorafin nawa tun kafin in yi shi. A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, aka rufe iyakoki da sararin sama, su Mdou kuwa suna Amurka suna wasa. Hanyar gida ta toshe, har sai da magoya baya suka yi musu karo-karo don su sami abin zama. A cikin wannan zaman jiran ne suka shiga wani situdiyo a Brooklyn, suka zauna a ɗaki guda, suka sake kaɗa waƙoƙin Funeral for Justice, wanda a lokacin an riga an gama shi amma bai fito ba, da jitar katako da gangar hannu. Shi ne Tears of Injustice, hawayen zalunci, da ya fito a watan Fabrairun 2025. Waƙoƙin dai su ne, amma kamar mutumin da ka gani da rana yana faɗa a kasuwa, ka sake ganinsa da dare zaune a ƙofar gida ya yi tagumi.

Wannan faifan na kai wa kawuna, dattijon da a wurinsa kiɗa ya ƙare a kan Shata da Ɗan Maraya Jos. Mun idar da la'asar, yana kan kujerarsa ta roba a zaure, na ce, "Kawu, in sa maka wani abu ka ji?" Ya ce, "In dai irin na rannan ne, ka bari sai na mutu." Rannan ɗin da yake nufi, Funeral for Justice na sa masa, bai kai minti biyu ba ya ce in kashe injin niƙan nan. Na ce wannan daban ne. Ya yi shiru yana jan carbi. Can na ga babban yatsan ƙafarsa na motsi a cikin silifa. Da waƙar ta ƙare ya ce, "Wannan ai Buzu ne. Ɗan ina ne?" Na faɗa masa. Ya ce, "To wannan ya iya. Ka ce wa wancan na rannan ya zo ya koya a wurinsa." Ban gaya masa mutum ɗaya ba ne, kuma waƙar ma ita ce dai wadda ya kira injin niƙa. Ina girmama furfura.

Sai dai a hanyar komawa gida na yi ta juya maganar. Kawu ya fi son na katako, masu sharhi a Turai da Amurka kuwa sun fi zuzuta na lantarki. Ni da na jera su biyun na saurara a zama ɗaya, sai na ga kowanne na bin ɗan'uwansa bashi. Ba don na ji hawayen ba, da ban gane cewa akwai baƙin ciki a ƙarƙashin ƙarar nan ba. Ba don na ji ƙarar ba kuwa, da na ɗauki na biyun a matsayin irin kiɗan hamadar da ake sa wa 'yan yawon buɗe ido a otal suna shan shayi.

Wanda ƙofar nan ta buɗe masa, gidan na da faɗi. Akwai Bombino, shi ma ɗan Agadas, wanda Dan Auerbach na The Black Keys ya haɗa wa albam ɗin Nomad a 2013, kuma faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy. Akwai Etran de L'Aïr, 'yan gida ɗaya masu kiɗan biki, da faifansu mai suna Agadez na 2022, wanda ya fi duk waɗannan fara'a. A Yamai kuma akwai Tal National, waɗanda har da Hausa suke waƙa, kuma jagoransu Almeida ya yi aikin alƙalanci. Albam ɗinsu Kaani na 2013 wani kamfanin indi na Ingila ne ya buga shi.

Kawu dai ya aiko jikansa shekaranjiya da katin memori a naɗe cikin takarda, wai in tura masa na Buzun nan mai hankali. Na tura masa, na kuma saƙa masa Imouhar ta lantarki a can ƙarshe, wadda ke farawa a hankali. Har yanzu dai ba a aiko kirana ba.