Zoben Sitaci Mai Tace Ruwa: Me Zai Yi Wa Manomin Kano, Me Ba Zai Yi Ba?

Da zarar damina ta ɗauke aka shiga noman rani, sai maganar ruwa ta dawo sabuwa. Masu lambu a bakin kogin Jakara, tun daga Kwakwaci har madatsar ruwa ta Wasai, da ruwan da ya ratso birni suke ban-ruwa, ruwan da ya haɗe da na Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai. Masu bincike a Jami'ar Bayero sun sha auna wannan ruwa da ganyen da ake nomawa da shi, suna samun ƙarafa masu cutarwa irin su dalma da kuromiyam. A ƙauyukanmu na Bichi, Ɗambatta, Minjibir da Dawakin Tofa kuwa ba masana'anta, amma ga gona ga gida ga rijiya, duk a manne. Maganin ciyawar da aka fesa, sau da yawa ruwan sama kan kwaso wani abu daga ciki ya zuba a kududdufi.

To, a ƙasashen waje ana ta maganar wani sinadari da ake yi da sitacin masara, wanda ke tsamo irin waɗannan magunguna daga cikin ruwa. Tunda daga amfanin gona ake yin sa, ya kamata manomi ya san gaskiyarsa tun kafin 'yan talla su riga shi.

Mene ne shi?

Masana na kiransa saikulodestirin. Mu kira shi zoben sitaci, don siffarsa ke nan. Wani Bafaranshe mai suna Antoine Villiers ne ya fara gano shi a 1891 a cikin sitacin dankalin Turawa. Ana zuba wa sitaci wani sinadari da ake samu daga ƙwayoyin bakteriya, sai ya yanyanka shi, guntayen su naɗe su zama zobe mai ƙwayoyin sukari 6 ko 7 ko 8. Mai 7 ɗin ya fi araha, shi aka fi amfani da shi. Bayan zoben yana jituwa da ruwa, amma cikinsa ba ya so. Saboda haka duk wani ɗan sinadari mai gudun ruwa, idan girmansa ya yi daidai, sai ya shige ramin ya zauna, kamar ƙwarya da murfinta.

Masu haɗa magani sun daɗe da cin moriyar wannan hali. Magunguna da yawa ba sa narkewa a ruwa, jiki kuma ba ya iya jan abin da bai narke ba. Sai a sa maganin cikin zoben ya zama masa abin hawa. Haka ake yi wa maganin itraconazole na ruwa, haka aka yi wa allurar remdesivir ta lokacin korona. A harkar gona ma akwai SmartFresh, garin da ke riƙe da wata iska a cikin zoben. Idan aka jiƙa shi a rufaffen ɗakin ajiya, iskar ta fita ta jinkirta nunar 'ya'yan itace irin su tuffa.

Yadda ya shiga tace ruwa

Zoben shi kaɗai narkewa yake yi, don haka ba ya tace komai. A ƙarshen 2015 wasu masana a Jami'ar Cornell ta Amurka, ƙarƙashin William Dichtel, suka bayyana a mujallar Nature yadda suka sarƙe zobban suka zama kamar soso mai ƙofofi, wanda ba ya narkewa. Cikin daƙiƙu kaɗan ya riƙa kame gurɓatattun sinadarai, ya fi gawayin tace ruwa sauri, kuma ana iya wanke shi a sake aiki da shi. Cikin abubuwan da suka gwada akwai metolachlor, wato ɗaya daga sinadaran da ke cikin Primextra, maganin ciyawar da masu masara suka sani sarai.

Daga nan kamfanin Cyclopure ya fito da matata mai suna DEXSORB. Kasuwarsa ta ƙara buɗewa a watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade yawan sinadaran PFAS a ruwan sha, waɗanda ke daɗewa ba su ruɓe ba. Kun ga dai doka ce ta samar da kasuwar. Inda ake auna ruwa ana hukunta mai laifi, nan ake sayen matata.

Abin da ba zai yi ba

Na farko, ba ya kashe ƙwayar cuta. Kwalara da taifot da gudawar yara, su ne suka fi yi mana ɓarna, kuma maganinsu tafasa ruwa ne ko sa kilorin irin WaterGuard. Na biyu, ba don ƙarafa aka fara yin sa ba. Kuromiyam na majemun Challawa da Sharaɗa, ko dalmar da ta riga ta zauna a ƙasar lambu, wata matsala ce daban, sai an yi wa zoben ƙarin haɗi. Na uku, ruwan sha ake tacewa da shi. Ruwan da injin ban-ruwa ke zuƙowa a wuni ɗaya ya fi ƙarfin aljihun kowace ƙungiya. Duk wanda ya zo da gari a leda ya ce zai wanke maka ruwan Jakara, ka nemi lambar NAFDAC da takardar gwaji kafin ka taɓa aljihu.

Alif da 'ya'yan zogale fa? Suna kwantar da laka, ruwa ya yi garau. Amma maganin feshi narkewa yake yi, ido ba ya ganinsa. Tafasawa ma ba ta cire dalma.

Akwai kuɗi a ciki ga mai rogo?

Najeriya ce kan gaba a noman rogo a duniya, amma har yau masana'antunmu na shigo da sitaci daga waje. Kamfanonin sitacin rogo yawanci a kudu suke, irin Psaltry a jihar Oyo, kusa da manyan gonaki, domin rogo yakan fara lalacewa kwana 2 zuwa 3 bayan an tono shi. Namu na nan ɗan shinge ne na ci da sayarwa a kasuwar ƙauye. Kada ƙungiya ta rage gero da dawa ta cika gona da rogo saboda wannan labari, sai da mai saye a hannu da rubutacciyar yarjejeniya.

Abin da za mu iya yi tun bana

Ƙungiya ta haɗa kuɗi ta kai ruwan rijiyarta da na ban-ruwanta ɗakin gwaji, sau ɗaya a damina, sau ɗaya a rani. Malamin gona na KNARDA zai iya nuna hanya. Da takarda a hannu ake tunkarar ƙaramar hukuma, ko NESREA idan dagwalon masana'anta ne.

Kada a wanke injin feshi a kududdufi ko bakin rijiya. A ɗauraye robar magani sau 3, a juye ruwan cikin injin, a huda robar don kada yaro ko uwargida su zuba ruwan sha ko manja a ciki. Kada a yi feshi hadari na haɗowa. A ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi. Masu lambun Jakara kuma su sani, ganye irin latas da alayyahu ya fi tara ƙarafa, don haka inda ruwan ya fi muni gara a sauya shuka.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Hana magani shiga rijiya bai kai kuɗin buhun taki ɗaya ba, amma fitar da shi bayan ya shiga, ko a Amurka aiki ne mai tsada.